Sunan da Tijjani Ya Rataya a Bayan Jadawali

Shagon Malam Tijjani yana bayan tashar mota a Talata Mafara, tsakanin mai ɗinkin buhu da rumfar Audu mahauci. Ɗaki ne ɗan tsuke: benci ɗaya, tebur ɗaya, kwamfuta da injin buga takarda, sai wata tsohuwar tafireta a saman kabad da ya lulluɓe da ɗankwali. Ya daina aiki da ita tun tuni, amma ya ƙi sayarwa. Shi siririn mutum ne mai ƙaramar murya, ya haura hamsin, kuma in yana sauraron mutum yakan karkatar da kai gefe kamar mai ciwon kunne.

A Dakko aka haife shi, cikin ƙasar Bakura. Mahaifinsa, Malam Abdulmumini, manomin albasa ne a bakin magudanan ruwan Bakolori, kuma ya so ɗansa ya gaje shi a gona. Amma Tijjani ya taso da ciwon ƙirji, in ya yini cikin laima sai ya kwana yana tari. Da ya gama sakandare sai aka kawo shi Mafara koyon tafireta, a nan kuma ya zauna. Wasiƙu ya buga, da takardun neman aiki, da na sayen gona, da katin ɗaurin aure. Abu biyu mutane suka san shi da su. Ba ya katse mai magana: tsoho zai faro tun daga zamanin kakansa kafin ya iso kan layi biyun da yake so a rubuta, Tijjani yana jin sa. Sannan ba ya miƙa takarda sai ya karanta wa mai ita da baki, tun daga sama har ƙasa, ya ji an ce haka ne.

Ya auri Taiba, suka yi shekara shida ba haihuwa. Ranar da ta sauka da ɗa namiji, kakar yaron ta yini tana godiya ga Allah a tsakar gida, daga nan ake kiransa Nagode. Sunan yanka kuwa Abdulmumini aka sa masa, don kakansa ya rasu a shekarar da ta gabata. Sai abin ya haɗe wa Tijjani biyu: ga ɗan fari, wanda uba ba ya kama sunansa don kunya, ga kuma sunan mahaifi. Ko Nagoden ma ba kasafai yake faɗa ba. "Kai" yake ce masa, in ba ya nan kuma "yaron nan". Da aka zo sa shi makaranta, ƙanen Taiba aka ba takardar ya cike. Audu mahauci, wanda tun suna samari suke tsokanar juna, ya daɗe yana yi masa dariya a kan wannan. Yakan ce mutumin da ya buga sunan rabin gari, har da na matattu, ya kasa buga na ɗan da yake ci da shi a kwano ɗaya. Tijjani sai ya ce masa ya je ya kori ƙudan da ke kan tsirensa.

Nagode bai ɗauki aikin shago ba. Shanu yake so. Tun yana ɗan sakandare yake bin Audu kara, yana kallon yadda ake duba haƙori da taɓa tozo. Kafin ya cika ashirin da shida ya zama shi mahauta ke aikawa kasuwannin ƙauye ya sayo musu. Dogo ne, mai yawan dariya, kuma in ya dawo daga tafiya yakan leƙo shagon ya ajiye wa mahaifinsa ƙullin dabino ko ɗan man shanu a gefen tebur, ya gaishe shi a tsugune, ya fita. Hirarsu ba ta wuce haka ba. Ya auri Salma, aka gyara musu ɗakin da ke kusa da zaure.

A ƙarshen daminar shekarar da aka rufe layukan waya a jihar, ya shiga mota zuwa wata kasuwa ta wajen Gidan Goga. 'Yan bindiga suka tare motar a hanya, suka kora mutanen cikinta daji. Salma na da ciki wata uku. Bayan kwana huɗu waya ta ɗauke ko'ina, ba kira, ba saƙo. Tijjani ya ci gaba da buɗe shago yana ajiye wayarsa kusa da kwamfuta, cike da caji, ko da yake ya san ba za ta yi ƙara ba. Da layi ya dawo bayan watanni, wasu gidaje suka sami kira, wasu suka sami mutanensu, wasu suka sami labarin da ya sa suka shimfiɗa tabarmar makoki. Gidan Tijjani bai sami komai ba.

Cikin wannan hali ne wani tsohon hedimasta, shugaban wata ƙungiya ta mutanen ƙauyukan yankin da suka gudo Mafara, ya zo da littafin rajista da ruwa ya taɓa. Sunayen waɗanda ba a san inda suke ba ne, sun fi ɗari uku. Ya ce 'yan uwa na nesa, a Legas da Kano da Fatakwal, kullum suna bugowa suna tambaya, littafin kuma ɗaya ne. An gaya masa Tijjani ya taɓa haɗa wa wata makaranta shafin intanet na sakamakon jarrabawa. Gaskiya ne. Shekaru kaɗan kafin nan ya koyi HTML, yaren da ake tsara shafukan intanet da shi, ta hanyar kallon bidiyo a waya yana kwafewa a littafi. Tijjani ya karɓi rajistar, ya ce zai yi.

Jadawali ya tsara mai layi huɗu a tsaye: suna, gari, ranar da aka rabu da mutum, da halin da ake ciki. A na ƙarshen abu uku kawai ake rubutawa: ana nema, ya dawo, ya rasu. A kwamfuta ya fito tsaf. Da ya buɗe a waya sai ya ga layukan sun matse juna, sunan mutum ya karye gida uku. Mutanen da aka yi dominsu kuwa duk a waya za su duba. Dabarar da ya samo ita ce a sa bayanan kowane mutum su jeru daga sama zuwa ƙasa, kowane gurbi da takensa a gefe, don mai karatu ya san wannan gari ne, wancan rana ce. Taken kuma a bayan gurbin ake rataya shi, da wata alama da ke farawa da kalmar data da ɗan jan layi, sai mutum ya ƙara kalmar da ya ga dama. Shi ya sa wa tasa data-take.

Da farko ya ɗauka sau huɗu kawai zai rubuta. Akwai wuri a saman jadawali da ake kira col, inda ake ambaton kowane layin tsaye, sai ya rataya alamar a can yana zaton za ta gangaro har ƙasa. Ba ta gangaro ba. Kwana biyu yana juya abin kafin ya gane cewa jadawalin HTML a kwance yake tafiya, mutum bayan mutum, kuma gurbi bai san abin da aka rataya a saman kansa ba. In ana so ya ɗauki alama, sai an bi shi an sa masa tasa. Masu ilmin abin suna da gajeriyar hanya, amma shi bai amince da abin da bai gane ba. Ya bi gurabun nan ɗaya bayan ɗaya da hannu, sama da dubu, in an ɗauke wuta ya tada ɗan janareto. Audu yakan leƙo ya ce masa ko masu ɗinkin hula sun fi shi saurin aiki.

Sai mutane suka fara zuwa da kansu a ƙara nasu. A nan ya ci karo da abin da ya sani sarai. Wata tsohuwa ta zauna a bencinsa kusan awa guda. Ta faɗi garinsu, da ranar, da launin rigar da ɗanta ya sa, da tabon da ke ƙafarsa tun na kaciya, amma suna ya ƙi fita. Ɗan farinta ne. Sai maƙwabciyarta da ta rako ta ta matso ta raɗa wa Tijjani. Matan aure ma haka, "mai gidanmu" kawai suke cewa. Wasu kuma akasin haka: 'yan uwa na nesa ba su san sunan yanka ba sam, Tanko suka sani, ko Ɗanjuma, ko Mai Jaki. Ƙara layi na biyar zai cika waya. Sai ya tuna alamar nan tana karɓar kowace kalma. A layin suna, bayan kowane gurbi, ya rataya ta biyu, data-kira, ya zuba sunan da ake kiran mutum a gida. Ba ya fitowa a fuskar shafi. Amma ya sa ɗan akwatin nema a sama, wanda in ka rubuta suna yake duba na fili da na ɓoye duka. Hedimasta ya tambaye shi ko abin da aka ɓoye ɗin a kulle yake. Tijjani ya ce a'a, labule ne kawai, wanda ya san hanya zai iya ɗagawa, shi ya sa bai sa komai a can ba sai suna.

Kowa aka shigar, sai ya karanta wa mai nema da baki kamar yadda ya saba. Tsohuwar nan ta saurari sunan ɗanta daga bakinsa, ta sunkuyar da kai, ta ce haka ne.

Layi ɗaya ne bai shiga ba. Sati uku da buɗe shafin, Taiba ta ajiye masa tuwo, ta tsaya a bakin ƙofa maimakon ta koma.

"Malam, ka sa shi?"

Ya ce zai sa. Ta ce ta ji an ce har mutanen Legas suna gani. Ya sake cewa zai sa.

Washegari da hantsi, ba kowa a shagon, ya buɗe sabon layi a ƙasan jadawalin. Ya cike gari, ya cike rana, ya rubuta ana nema. Ya dawo kan gurbin suna ya tsaya. Sunan mahaifinsa ne, sunan ɗan farinsa ne, kuma za a shimfiɗa shi inda duk mai waya zai karanta, ya san Tijjani da hannunsa ya rubuta. Sai ya juya tsarin, a wannan layin kaɗai. A fili ya sa Nagode. A bayan labule, cikin data-kira, ya buga Abdulmumini Tijjani, da sauri, bai ko kalli allon ba. Ya gaya wa kansa ba abin da ya ɓace: duk mai labarin yaron zai rubuta sunan a akwatin nema, layin ya fito masa. Ya gwada, ya fito. Wannan karon ba wanda ya karanta wa.

Salma ta haihu ana cikin zafin bazara, namiji. Ana gobe suna Audu ya ja Tijjani gefe, ba wasa a fuskarsa, ya ce ko za a mai da wa jaririn sunan ubansa. Tijjani ya fahimci abin da ke ƙarƙashin maganar, don marayan ciki ake yi wa haka. Ya ce ba wanda ya zo ya ce masa yaron nan ya mutu. Aka raɗa wa jariri Yasir.

Wata uku bayan haka, ranar Talata, kasuwa ta cika har bakin tasha, wani mutum ya shigo shagon yana dogara sanda. Zai yi shekara arba'in, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da gajiya da ruwa da ya yi jinkiri. Ya ce sunansa Lauwali, daga wajen Maradun, kuma ya zo ne a gyara masa layinsa, don har yanzu ana nuna ana nemansa alhali ya fi wata shida da kuɓuta. Ƙafar ce ta kwantar da shi, sai yau ya iya shiga mota. Tijjani ya yi masa barka, ya nemo layin, ya goge ana nema ya sa ya dawo, ya karanta masa. Lauwali ya ce haka ne, amma bai tashi ba.

"Malam, akwai abin da ke damuna ga takardar taku. Akwai wani yaro da munka zauna da shi can. Ɗan garin ga ne. Na sa an karanta min sunayen nan kaf, sau biyu, ba shi ciki."

Tijjani ya tambaye shi ko an rubuta sunan a akwatin da ke sama. Lauwali ya ce wane akwati. Su hoto aka turo musu. Wani ne ya ɗauki hotunan shafin a waya ya watsa, ana ta turawa daga waya zuwa waya, a majalisa mai karatu ya karanta wa sauran. Ko'ina a ƙauyuka haka ake yi, don ba kowa ke da kuɗin shiga intanet ba. Da bai ji sunan ba, sai aka ce masa ƙila danginsa sun riga sun ji labari, ko sun bar garin.

Tijjani bai taɓa tunanin hoto ba. Hoto fuskar shafi kawai yake ɗauka.

"Mi ne sunan nashi?" Muryarsa ta yi ƙasa har sai da Lauwali ya matso.

"Abdulmumini. Yac ce Abdulmumini Tijjani. Dogo haka, mai sayen shanu."

Hannun Tijjani ya tafi kan madannai da kansa. Ya buga haruffa huɗu na farko a akwatin. Layuka ɗari uku da wani abu suka ɓace, ɗaya ya rage. Lauwali ba ya karatun boko, amma ya kalli allon, ya kalli fuskar mai shagon, ya ajiye sandarsa a ƙasa a hankali ya yi salati.

Tijjani bai katse shi ba, shi ma. Lauwali ya faɗi yadda aka ɗaure su ƙafa da ƙafa, yadda yaron ke ba su dariya da kwaikwayon dillalan kara ko a ranar da ba a ba su abinci ba, yadda zazzaɓi ya kama shi cikin sati na huɗu, ruwa na dukan su ba rumfa. Ya yi kwana tara yana jinya. Ranar Alhamis da la'asar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. An bar su sun yi masa sallah su biyar, sun rufe shi a gindin wata kanya. Tijjani ya lissafa a zuci. Tun kafin layin waya ya dawo ke nan, tun kafin hedimasta ya shigo da rajista.

"Ya bar saƙo," in ji Lauwali. "Yac ce matarshi na da ciki. In namiji ne, a sa mishi sunan tsohonshi, sunanka ke nan. Yac ce bai taɓa yi ma tsohon nan wani abin kirki ba, ko wanga ya samu."

Tijjani ya tambaye shi yaushe aka karanta masa sunayen. Ya ce da sanyi-sanyi, kafin azumi da kamar wata biyu. Salma ba ta haihu ba a lokacin.

Ya raka Lauwali har mota, ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba ranar kasuwa. A gida ya gaya wa Taiba a tsaye. Ta zauna a inda take, kusa da murhu. Salma ce ta fito da yaron a kafaɗa ta tambayi ranar, da aka faɗa mata ta ce ashe duk wankan jegon nan da ta yi tana sauraron sallamar mijinta, ita gwauruwa ce ba ta sani ba. Ya gaya musu saƙon. Ya kuma gaya musu dalilin da ya sa bai iso da wuri ba, bai rage komai ba. Taiba ta ɗago ta dube shi, ta daɗe, sannan ta ce da ita ce ma da haka za ta yi.

Aka yi zaman makoki kwana uku. Malamin unguwa ya ce ana iya canza wa yaro suna in an so, ba laifi. Tijjani ya ce a bar shi, an riga an yanka masa rago da wanda yake da shi. Amma tun daga makon Salma ta daina cewa Yasir. Malam Ƙarami take kiransa, sauran gida suka bi.

Rana ta huɗu ya buɗe shago. Audu ya bar yankan safe ya shigo ya zauna a benci, hannunsa a wanke, ba tsokana. Tijjani ya buɗe bayan shafin, ya gangara layin ƙarshe. Ya ciro sunan daga bayan labule ya sa a fili, ya mai da Nagode cikin data-kira, kamar na kowa. Ya goge ana nema, ya rubuta ya rasu. Sannan ya bi sauran layukan tun daga farko, ko akwai wani da aka shigar da sunan gida kawai. Ya sami goma sha ɗaya, ya rubuta su a takarda don ya nemi danginsu.

Da ya gama ya zauna yana kallon allon. Audu ya san abin da ya rage, ya ce in ya so shi zai karanta masa, ko da yake karatunsa sai a hankali. Tijjani ya girgiza kai. Ya gyara zama, ya faro daga ƙarshen layin ya yo baya: ya rasu, sai ranar, sai Talata Mafara. A tasha wata mota ta gama lodi ta tashi. Sannan ya faɗi sunan, duka biyun, da ƙaramar muryar nan tasa.

Audu ya share fuska da hularsa ya ce, "Haka ne."

Har yanzu Malam Tijjani yana shagon. Jadawalin ya ƙaru, ya kuma ragu. Mai zuwa shigar da suna yakan ɗan yi mamakin tambayar da yake fara yi, bayan gaisuwa: in mutumin nan ya gamu da baƙo a daji, wane suna zai ce masa nasa ne? Wannan yake sawa a fili. In mai neman uwa ce ko matar aure, ba ya matsa mata. Yakan karkatar da kai ya jira, har a sami wanda zai raɗa masa.